Kafin a nemi burs: karatun kwatanta manufofin gwamnati daga Damagaram

Daga cikin ɗaliban da suke kammala lisans a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, musamman waɗanda suka karanta ilimin zamantakewa ko labarin ƙasa, akwai masu sha'awar ci gaba da masta a fannin manufofin gwamnati da hulɗar ƙasa da ƙasa. Waɗanda suke zuwa neman shawarata kusan duk da tambaya iri ɗaya suke farawa: wace ƙasa ce ta fi, kuma a ina ake samun burs? Tambaya ce mai ma'ana, domin karatu ba ya yiwuwa da aljihu wayam, amma a ganina ba ita ce ya kamata ta zo farko ba. Abin da ya kamata ya riga ta shi ne abin da mutum yake son ya gane. A wannan fanni kuwa ɗan Damagaram yana zaune ne kusa da abin bincike wanda ɗalibin Turai ko Amurka sai ya tanadi kuɗin jirgi, ya kuma shafe shekaru yana koyon harshe, kafin ya kai gare shi.

Fannin yana da sassa biyu da ba sa rabuwa. Na farko yana nazarin yadda hukuma take ɗaukar wata matsala ta mai da ita aikinta: wa ya kai maganar gaban masu mulki, wa ya rubuta dokar, daga ina kuɗin zai fito, su wa za su aiwatar, me kuma ya biyo baya bayan shekaru. Na biyu yana duban abin da yake shigowa daga waje, wato yarjejeniya da bashi da taimako da takunkumi da matsin lambar maƙwabta da na manyan ƙasashe. Kwatantawa ita ce hanyar aikin. Mai binciken magani yana iya raba marasa lafiya gida biyu, ya ba wasu ya hana wasu, ya ga bambanci, amma mai nazarin mulki ba shi da ikon yin haka da ƙasa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemo wurare biyu da suka yi kama a kusan kome, suka sha bamban a abu ɗaya, sannan ya bi sawun wannan abu ɗayan. Manomi ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi: gonaki biyu masu iyaka ɗaya, iri ɗaya aka shuka, ruwa ɗaya ya sauka musu, idan wannan ta cika rumbu waccan ta kasa, ba damina ake tuhuma ba.

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 300 ba. Iyakar Nijar da Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, Faransa da Ingila ne suka shata ta a jerin yarjejeniyoyi na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kuma babban abin da ya dami Faransawa a lokacin shi ne su samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram har tafkin Cadi. Ba a tambayi mutanen Magarya ko na Daura ba. Tun daga nan, dangi ɗaya masu harshe ɗaya da addini ɗaya, masu noman hatsi da wake iri ɗaya, masu cin kasuwanni ɗaya, suka shiga ƙarƙashin tsari biyu: wannan gefe mulki ne mai cibiya ɗaya, da jihohi 8 waɗanda daga Yamai ake naɗa gwamnoninsu, wancan gefe tarayya ce mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, nan sefa, can naira, nan lakwal da Faransanci, can boko da Ingilishi. Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya ga wannan dama, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yekuwa a ƙasar Magarya da Ƴardaje a ƙasar Daura, ya fitar da littafi a 1994 a kan yadda iyakar ta sauya rayuwar Hausawa. An shafe fiye da shekara 30 ke nan, abubuwa da yawa sun sauya, kuma ba na ganin dalilin da zai sa a jira wani baƙo ya zo ya sake wannan aiki.

Sai dai akwai gargaɗi da duk malamin kirki zai yi wa ɗalibi tun a watan farko. Ɓangarorin biyu ba su kasance abu ɗaya tak ba kafin zuwan Turawa. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, da Barno take da alaƙar biyayya, kuma ta gwabza da Kano a ƙarshen ƙarni na 19. A zamanin Sarki Tanimu ta zama babbar matattarar fatake masu zuwa Agadas da Gat da Tarabulus. Saboda haka idan aka ga bambanci tsakanin Matamaye da Kazaure, ba nan take za a ɗora shi a kan Faransa da Ingila ba, wataƙila ya girme su. Rarrabe abin da iyaka ta haifar da abin da ta tarar yana daga cikin mafi wuyar aikin, kuma a nan ne karatun tarihi yake ceton mai nazarin manufofi. Ba banza ba jami'armu take ɗauke da sunan masanin tarihin da ya rubuta labarin wannan masarauta, wanda kuma shi ne ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991.

Misalin da na fi so shi ne na ƙasar noma da itatuwa. A Najeriya, dokar 1978 ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ne mai ba da takardar izinin mallaka. A Nijar kuwa, dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta ba ta matsayi daidai da wadda take a rubuce, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye waɗanda a yau ake samunsu tun daga gunduma zuwa kwamin har zuwa ƙauye, inda sarakai da ma'aikatan hukuma da wakilan manoma da makiyaya suke zama tare. Tambayar bincike a fili take: idan manomi ya ci burtali, ko dabbobi suka shiga gona kafin a kwashe amfani, wurin wa ake kai ƙara a Dungas, wurin wa ake kaiwa a Maigatari, tsawon wane lokaci maganar take ɗauka, nawa ake kashewa, kuma wa ya fi yawan fita da murmushi? Game da itatuwa, dokar gandun daji ta zamanin Faransawa ta ɗauki itace a matsayin na hukuma, har manomi ya zamana yana tsoron barin gawo ya girma a gonarsa don kada ya jawo masa ma'aikacin daji da tara. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan fari ya yi ɓarna kuma hannun hukuma ya sassauta, manoma suka fara barin toho yana tashi, abin da ake kira sassaben zamani, daga baya dokar 2004 ta ƙara musu ƙarfin gwiwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a ƙasar nan sun kai kimanin hekta miliyan 5, kuma Magarya da Matamaye da Mirya suna cikin wuraren da abin ya fi bayyana, har hotunan tauraron ɗan Adam suna nuna itatuwa sun fi yawa a gefenmu na iyakar a wasu wurare. Shin doka ce ta kawo wannan, ko rashin ƙarfin hukumar da za ta tsare tsohuwar dokar, ko tsadar takin zamani da ta sa aka koma dogaro da ganyen gawo? Ɗalibin da ya amsa wannan da hujja ya yi masta mai amfani.

Sarauta ma haka take. A nan doka ta sanya sarakai da masu gari cikin tsarin mulkin ƙasa, da ayyukan da aka ƙayyade musu na sulhu da karɓar haraji. A can kundin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, naɗi da tuɓewa suna hannun gwamnatin jiha, kamar yadda kowa ya gani a Kano a 2020 da kuma 2024.

Amma babban tarkon da ɗalibai suke faɗawa, kuma na karanta memuwar da dama da suka faɗa cikinsa, shi ne kwatanta takarda da takarda. Mutum zai jera dokar wannan ƙasa a babi ɗaya, ta waccan a babi na biyu, ya zana tebur, ya yi sutnans, a ba shi maki. Abin da doka ta faɗa da abin da yake faruwa a tagar ma'aikaci ba abu ɗaya ba ne. A 2005 gwamnatin Nijar ta mai da aikin fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A rubuce tsarin ba shi da wuya: asibiti ya yi magani, ya aika takardar kuɗi, baitulmali ya biya. A aikace biyan ya riƙa makara watanni har shekaru, asibitocin karkara suka rasa kuɗin sake sayen magani, uwa ta zo da yaro a rubuta mata takarda ta je ta saya a waje. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta bi wannan lamari daki-daki, kuma masananta, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun daɗe suna nuna abu biyu: cewa ma'aikata suna da ƙa'idojin aiki na ainihi waɗanda ba su cikin kowane kundi, kuma cewa tsarin da ya yi nasara a wata ƙasa, aka ɗauko shi cak aka dasa a wata, yakan ci karo da yanayin wurin ya koma wani abu dabam. Duk mai son wannan fanni ya fara da karanta rahotannin wannan cibiya, da yawansu suna intanet kyauta. Af, tafiyar tsare-tsare ba kullum daga waje zuwa gida take ba: makarantar mazaje, inda ake tara magidanta su tattauna lafiyar mata masu ciki, a jihar Damagaram aka fara ta wajen 2008 da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, daga nan wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka. Yadda ta kasance a can bayan ta bar nan, wani bincike ne mai zaman kansa.

Ɓangaren hulɗar ƙasa da ƙasa shi ne wanda matasa suka fi ɗauka a matsayin harkar jakadu da kwat da manyan ɗakunan taro. A garin nan kuwa a kasuwar Dole ake fara jin sa. Lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, lissafin duk wani mai fatauci tsakanin nan da Kano ya juye cikin dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugabanta ya sanar da janye tallafin man fetur, kuma ƴan ruwa-ruwa da ke bakin titunanmu sun ji sanarwar a jikinsu, duk da cewa matatar SORAZ, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana aiki a arewacin garin nan tun 2011. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sanya takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da take zuwa daga Najeriya, sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, a Satumban 2023, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata a Janairun 2025, alhali suna nan cikin ƙungiyar masu amfani da sefa. Kowane ɗayan waɗannan yana da ranar farawa sananniya, kuma farashin hatsi da wake da dabbobi yana rubuce kafin ranar da bayanta, wanda shi ne irin abin da mai bincike yake nema ido rufe. Ba aikin ɗalibi ba ne ya yi wa wani ɓangare kirari ko zambo. Aikinsa ya nuna wa ya ɗauki nauyin matakin, wa ya samu riba da shi, ta wace hanya kuma.

Akwai misali mai zafi da ya shafe mu kai tsaye. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan ƙasar Kance. A 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka tsananta aiwatar da ita daga 2016 da goyon baya da kuɗin Tarayyar Turai, wadda damuwarta ita ce masu tsallaka teku daga Libiya, ba matan Kance masu zuwa neman abin sakawa a baka a Tamanrasat ba. An soke dokar a Nuwamban 2023. Yadda doka ɗaya ta haɗa matsaloli biyu mabambanta, da abin da ta yi wa kowace, tambaya ce da ɗan wannan jiha ya fi kowa damar amsawa, domin zai iya zama da waɗanda suka je suka dawo, su yi magana ba tafinta.

Idan tambaya ta zauna, zaɓen makaranta yana sauƙi. A tsarin da muke bi, lisans shekara 3 ce, masta 2, dakta aƙalla 3, kuma abu na farko da za a bambance shi ne masta na bincike da masta na sana'a. Mai niyyar koyarwa a jami'a ko yin dakta ya tabbata na farkon ya shiga. Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen shari'a da kimiyyar siyasa, kuma kusancinta da ma'aikatu da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa riba ce ga mai bincike. Makarantar horar da ma'aikatan mulki ta ƙasa hanya ce ta shiga aikin gwamnati ta kwankur, ba wurin koyon bincike ba ce da farko. A Yawunde akwai cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa ta Kamaru, wadda take horar da jami'an diflomasiyyar Afirka tun farkon shekarun 1970, da kuma reshen Jami'ar Tarayyar Afirka mai kula da shugabanci da haɗin kan yankuna. Akwai Dakar, akwai Jami'ar Senghor a Iskandariya, akwai gurabe a Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Sin. Hanyar Faransa ta yi tsawo tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Wadda ake yawan mantawa da ita ita ce mafi kusa: Jami'ar Bayero a Kano tana ba da masta a manufofin gwamnati da gudanarwa, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana ba da na harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya. Digirin farko a can shekara 4 ne, don haka mai lisans ya tambayi yadda za a ɗauki takardarsa kafin ya biya ko dala, haka kuma duk inda mutum zai je, musamman makarantu masu zaman kansu, ya binciki ko hukumar CAMES, mai tantance takardun jami'o'i a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shaidar da za a ba shi. Maganar burs kuwa, ta hukumar ANAB mai ba da burs ɗin gwamnati da ta ƙasashen waje, sharuɗɗanta suna sauyawa, sai a bi sanarwar shekarar.

Ni dai ban fi damuwa da sunan makaranta ba kamar yadda na damu da malamin da zai duba aikin, da kuma abin da ɗalibi zai fito ya iya. Ingilishi ba zaɓi ba ne a wannan fanni, domin mafi yawan mujallun bincike da shi ake rubuta su, kuma duk takardun hukuma na gefen Najeriya, da na ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da shi suke. Lissafin ƙididdiga ma dole ne, ko da mutum ya tsani lissafi tun daga kwaleji, saboda a san lokacin da alƙaluma suke yaudara. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta nuna mutum miliyan 17 da ɗoriya, jihar Damagaram ce kan gaba da kusan miliyan 3 da rabi, ita kuwa Najeriya rabonta da ƙidaya tun 2006. Wanda ya raba wani adadi da yawan jama'a a ɓangarorin biyu ba tare da ya faɗi haka ba ya gina ɗaki a kan rairayi. Binciken jin ra'ayi na Afrobarometer yana yin tambayoyi iri ɗaya a ƙasashen biyu, kuma bayanansa a buɗe suke ga kowa. Sai kuma iya hira, wadda take da wuya fiye da yadda ake zato. Ɗan gida yana shiga inda baƙo ba ya shiga, amma yana da nasa makanta: abin da ya saba gani tun yana yaro ba ya tsayawa ya tambayi dalilinsa, kuma idan ya zauna gaban dattijo ya ce «Baba, ranka ya daɗe, yaya ake raba gona a nan?», za a iya amsa masa da «Ai ka sani, ɗana», maganar ta mutu a nan. Baƙo ana yi masa bayani daga tushe. Ɗan gida sai ya koyi cewa «A yi mini kamar ban sani ba», kuma ya tuna cewa jihar nan ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, kowa da yadda doka take isa gare shi.

Game da aiki bayan karatu, ba zan yi wa kowa alkawarin da ba nawa ba. Akwai ma'aikatar harkokin waje da sauran ma'aikatu ta hanyar kwankur, akwai kwaminoni, waɗanda tun Afrilun 2024 wakilan da aka naɗa ne suke tafiyar da su a madadin zaɓaɓɓun majalisun da aka fara a 2004, akwai hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ayyukan proje waɗanda suke ƙarewa ranar da kuɗinsu ya ƙare. Gurabe ba su kai yawan masu takarda ba. Wanda na ga ana nema shi ne wanda zai iya rubuta shafi uku masu tsabta da shugaba zai karanta ya yanke shawara, da Faransanci ko da Ingilishi, kuma tun da kundin da aka amince da shi a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, mai iya rubuta irin wannan takarda da Hausa zai samu abin yi.

Kusan duk dosiyen neman masta yana buƙatar takardar shirin bincike mai shafi biyu ko uku, kuma a nan ne mafi yawan masu nema suke zubar da damarsu, suna rubuta take irin «shugabanci nagari da ci gaba a Afirka», wanda mai tantancewa ya riga ya karanta irinsa har ya gaji. Take mai ƙarfi yana da wuri da lokaci da abu ɗaya da za a auna: yadda ake sasanta rikicin burtali a kwamin guda ta ƙasar Magarya da ƙaramar hukuma guda ta Jigawa daga 2015 zuwa 2025, ko abin da rufe iyaka na 2019 da takunkumin 2023 suka yi wa dillalan dabbobi masu kai kaya Maigatari. A faɗi dalilin zaɓen waɗannan wurare biyu ba wasu ba, da abin da ya haɗa su da abin da ya raba su tun kafin 1900, da mutanen da za a yi hira da su, da takardun da za a nema a ofishin kwamin da fadar sarki, da watannin da za a yi aikin fili, wanda ya fi kyau ya faɗo bayan kaka, lokacin da manoma suke da sukunin zama kuma makiyaya suke gangarowa kudu.